Ja da Yalo Sun Iso Birmingham

Duk wanda ya ce maka sanyin Ingila ya fi komai ciwo, to bai taɓa faɗawa bakin Hajiya Turai ta Birmingham ba. Sanyi dai in ka sa riga ya ƙyale ka. Maganar Hajiya Turai kuwa, ko bargo bakwai ka lulluɓa sai ta same ka.

Abin ya faro ne ranar da muka je sa ranar auren Faizal, ɗan Mma Alima. Ita Mma Alima mutuniyar Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a unguwar Hulme ta Manchester, kuma ita ce uwar duk Bahaushen da ya sauka Manchester da jaka ɗaya da lambar waya. Da 'yan Ghana, da 'yan Najeriya masu karatu a uni, babu wanda bai lashi miyarta ba. Yarinyar da Faizal ke nema 'yar Birmingham ce, Hajiya Turai kuma gwaggonta, ita ce bakin dangi.

Ranar ana zabga sanyi. Muka sauko daga mota mu wajen goma, kowace ta shige cikin baƙar kwat ɗin nan mai kumburi, daga wuya har ƙwauri. Hajiya Turai ta buɗe ƙofa cikin leshi, sai ƙamshi take. Ta dube mu daga sama har ƙasa, sannan ta waiwaya cikin gida ta ce, "Wa ya yi odar gawayi? Ga buhunan an kawo."

Gida ya ɗauki dariya, har da yaran da ba su jin Hausa. Mma Alima, wadda a Hulme ko karen maƙwabta ba ya haushi sai ta gama magana, ta buɗe baki, amsa ta ƙi fitowa. Sai a kan babban titin M6, muna hanyar dawowa, amsoshi suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya, duk masu zafi, duk a banza. Kafin mu kai Manchester ta rantse cewa ranar biki, wanda aka sa cikin Janairu, ko dai ta shiga wurin da mutuncinta, ko kuwa a yi bikin ɗanta babu ita. Mun san ta. Ba ta rantsuwa ta janye.

A nan ne Malam Uba ya shigo zancen.

Uba ɗan Kano ne. Ya zo yin Masters na shekara ɗaya, ga shi ana cikin ta huɗu yana gyara chapter na ƙarshe. Yana zaune a ƙaramin ɗakin flat ɗin Mma Alima, kuma a duniya babu abin da bai sani ba. Ka ce motarka ta lalace, ai ya taɓa kanikanci a Ƙofar Ruwa. Ka ce haƙorinka na ciwo, ai kakansa wanzami ne. In aka zo maganar sutura kuwa, cewa yake a Kantin Kwari aka binne cibiyarsa.

Cikin makon nan mura ta kama shi, hanci ya toshe kamar an liƙe da siminti. Ya tafi wurin GP, wato likitan unguwa, likita ya ce ya je ya sha ruwa ya huta. Magani bai samu ba, amma bai dawo hannu rabbana ba. A ɗakin jira ya tsinci wata mujallar mata, ya faki ido ya yage shafi biyu ya cusa a aljihu.

Ranar Lahadi mun cika falon Mma Alima muna shawarar anko, sai ga Uba ya fito yana jan hanci. Ya ce a kashe talabijin. Ya ɗaga shafin sama kamar mai shelar ganin wata. Hoton wata siririyar Baturiya ce tsaye cikin dusar ƙanƙara tana dariya, 'yar riga a jikinta, gyalen siliki a wuya. A sama an rubuta winter capsule wardrobe.

Ya ce kukanmu ya ƙare. Ya ce abin da ya sa aka raina mu a Birmingham shi ne muna yaƙi da sanyi da ƙarfin tuwo, alhali Bature da ilimi yake yaƙarsa. Ya nuna kalmar tsakiya da yatsa.

"Capsule," in ji shi. "Wato kafso. Mma, kafso kala nawa ne?"

Mma Alima ta ce biyu.

"Wanne ne sarkinsu, wanda daga Kano har Kumasi babu gidan da bai shiga ba?"

Muka haɗa baki muka ce ja da yalo.

Ya ce to shi ke nan, mun gama karatun da kanmu. Sama ja, ƙasa yalo. Sannan kafso ɗan mitsitsi ne, amma aikinsa a ciki yake, don haka babu kwat, babu suwaita. Zafin jikin ɗan Adam ta ƙofa biyu yake gudu, kai da wuya. In ka toshe su da siliki na gaske, ka rufe gida ke nan, sanyi sai dai ya yi sallama ya koma. Ga shaida nan a hoto, ko mun ga Baturiyar tana karkarwa?

Safia, 'yar Mma Alima, wadda aka haifa a nan kuma take aiki a wani kantin tufafi a cikin gari, ta yi ƙoƙari, in ba ta haƙƙinta. Ta ce ba haka ake nufi ba. Ana nufin kaya kaɗan waɗanda kowanne ke shiga da ɗan'uwansa, kwat ɗaya mai kyau, suwaita biyu, takalmi mai rufi, sai ka riƙa canza gyale da sarƙa a ga kamar kullum sabo ka sa. Uba ya saurare ta da murmushin tausayi. Ya ce ita Turancin kanti ta iya, shi kuwa na uni. Sannan ya tambaye ta ita wannan kwat ɗaya mai kyau wace kala ce.

Safia ta ce yawanci baƙa.

Daga jin baƙa Mma Alima ta ajiye kofin shayinta. Magana ta ƙare.

Raki ce kaɗai ta ƙara tofawa. Ita 'yar Zariya ce, mijinta na PhD a Salford, bakinta kuma reza. Ta tambayi Uba in sanyi ya kashe mu a hanya fa. Ya ce ba za mu mutu ba, in ma mun mutu za a ce matan Manchester sun tafi da kwalliyarsu. Ya ci gaba da zayyano sauran dokoki. Awarwaron ƙarfe har gwiwar hannu. Takalmi mai tsini, buɗaɗɗe, babu safa. Safar hannu haramun, don me za a zauna a sha lalle sannan a ɓoye shi? Ya ce a daina kiransa Malam Uba har bayan biki, a riƙa cewa Consultant.

Safia ta sayo gyalen siliki ja a rangwamen Janairu, kowace biyu, na kai da na wuya. Kaya ne masu kyau, in ka taɓa kamar ka taɓa ruwa. Aka samo yadi yalo a kasuwar Longsight, aka ɗinka jajayen riguna. Uba ya ce ɗaurin da za a yi shi ne ture-ka-ga-tsiya, wanda ke miƙewa sama ya karkato goshi, don tun daga nesa Hajiya Turai ta san ba da wasa aka zo ba.

Ranar gwaji aka gane siliki ba atamfa ba ne. Tarwaɗa ce. Mma Alima ta ɗaura, ta yi atishawa, ya sauko mata a hanci. Raki ta ɗaura, ta juya za ta amsa sallama, ya zame ya faɗa tukunyar miyar gyaɗa. Aka sa fil, ya fice. Aka ƙulle, ya kwance kansa a hankali kamar mai jin kunya.

Uba ya ce ai dole. Silikin ɗanye ne, bai sha bugu ba. A Kano wa ya taɓa sa shadda ba ta je wurin masu bugu ba? Su ne ke shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta da sanduna har ta yi ƙyalli ta tsaya. Ya ce shi da kansa ya taɓa riƙe sandar bugu, har manyan wurin suka roƙe shi ya bari kada ya kashe musu kasuwa.

Washegari da hantsi ya ɗauko tabaryar da Mma Alima ke daka fufu, wadda ta sha wuyar shigo da ita daga Kumasi, ya ajiye katakon yanka albasa a tsakar falo, ya ninke gyale uku ya ɗora. Ya tofa a hannu. Ya fara.

A flat ɗin ƙasa akwai Tomas, wani ɗan Poland mai aikin dare a gidan burodi, wanda rana ce darensa. Ba a jima ba sai ga shi a ƙofa cikin gajeren wando, lulluɓe da bargo, ido jajur. Ya leƙo ya ga ƙato da tabarya yana dukan ƙasa. Ya tambaya ko ɓera ne. Uba ya ce al'ada ce. Tomas ya ce fitilar ɗakinsa ta faɗo a kan gadonsa, ita ma al'ada ce? Uba ya gyara tsayuwa ya fara yi masa lacca a kan tarihin rini da bugu a ƙasar Hausa tun kafin a san da Poland. Tomas ya ce zai kira council, wato hukumar gari. Uba ya ce ya kira, ya haɗa da Sarauniya.

Mma Alima ba ta wasa da kalmar council. Ta fito daga kicin ta fizge tabaryarta, ta cika wa Tomas faranti da ƙosai mai zafi, ta raka shi har matakala tana ba shi haƙuri. Da ta dawo ta ɗaga gyalen ta duba a hasken taga. Ta hango motocin titi ta cikinsa. Ya zama rariya.

Uba ya karɓa ya jujjuya. Ya ce a gaskiya ya wuce inda ya nufa, ya mai da shi leshi, kuma kowa ya san leshi ya fi siliki tsada.

Ni dai a ranar na ce a kore shi. Ba a ji ba. Sai Safia ta koma kanti tana ƙunƙuni ta cike gurbin ukun.

Uba bai karaya ba. Irinsu ba sa karaya, mu ne ke karaya a madadinsu. Ya ce bugu dama gwaji ne, ainihin maganin koko ne. Duk mai wanki a Kano ya san in aka ba riga koko, ta bushe, sai ta tsaya da kanta kamar soja. Ya tambayi Mma Alima ko tana da ƙullun koko. Tana waya da mai abincin biki, ta nuna masa firij da baki, ta ce yana cikin robar ice cream.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kokon da Uba ya sani na Kano ne, fari, salihi, ba ruwansa da kowa. Kokon Kumasi kuwa ba a niƙa geronsa shi kaɗai. Da citta ake niƙa shi, da kanumfari, da masoro, da barkono mai yawa, irin wanda in ka sha da safe sai ka cire hula. Na Mma Alima ma ya fi na kowa faɗa. Mai hanci tun daga ƙofar firij zai sani. Uba kuwa hancinsa na hannun mura.

Ya dama shi tsararo a babbar tukunya, ya tsoma gyalen duka. Ya kife kwanoni da tukwane a kan tebur, ya ɗaura wa kowanne ture-ka-ga-tsiya, ya jera su a gindin radiator, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki. Na wuya kuma ya naɗa su a jikin gwangwanayen madara. Flat ya cika da ƙamshin citta, amma wa zai lura? Gidan Mma Alima kullum haka yake ƙamshi.

Da suka bushe, wallahi abin ya ba mu mamaki. Sun tsaya. Kowanne ya miƙe sama ya karkato gaba, yana neman faɗa. Ba a ɗaurawa, kifawa ake yi kamar hular kwano. Raki ta ƙwanƙwasa nata, ya amsa. Ƙyallin silikin ya dushe, ya koma kamar jan bango, amma Uba ya ce yayin bana ke nan, ƙyalli na 'yan ƙauye ne. Na wuyan su ma sun sandare, in ka sa sai ka koma kamar wanda asibiti ya ɗaure wa wuya bayan haɗarin mota. Ba ka iya waiwaye sai da kafaɗa. Uba ya ce manyan mata dama ba sa waiwaye.

Mma Alima ta tsaya gaban madubi ta daɗe. Ta ce, "Turai, Allah ya kai mu."

Ranar biki maza suka yi gaba tun da safe don ɗaurin aure. Mu kuma Kamaldeen, ƙanen Mma Alima, ya zo ɗaukarmu da ƙaramar bas ɗin da ya aro. Uba ya tsaya a bakin ƙofa kamar ɗan kwastan, yana karɓe kwat yana tarawa a lungu. Ya kama Raki da 'yar suwaita mai maɓalli a ƙarƙashin riga, ya sa ta cire. Ya ƙwace safa daga jakar wata tsohuwa. Shi kuwa ya sha babbar riga fara, kuma na lura ya yi wata irin ƙiba tsakanin jiya da yau. Raki ta tambaye shi ko ya haɗiye katifa ne. Ya ce kwarjini ne, yakan taso masa ranar taro.

Matsala ta farko, ɗaurin ya fi rufin mota tsawo. Dole kowace ta zame a kujera ta zauna da ƙashin baya, gwiwa a sama. Ta biyu, da muka hau M6 aka ce Kamaldeen ya kunna hita, ya ce ai hitar motar nan ta rasu tun bara, ya zaci mun sani. Shi yana cikin kwat da hular ulu, har da safar hannu.

Kafin mu kai garin Stoke sanyi ya kashe hira. Abin da kake ji kawai awarwaro, kacau-kacau-kacau, hannuwa na kaɗawa da kansu kamar an zo kamun amarya. Ƙarfen ya yi sanyi har yana cizo. Yatsun ƙafa suka daina amsa kira. Tsohuwar da aka ƙwace wa safa ta fara karanta duk abin da ta haddace. Raki ta miƙa wuya da kafaɗa ta ce wa Uba silikinsa bai fara aiki ba.

Yana gaba kusa da direba, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Haƙuri za ku yi. Kafso ba ya aiki nan take. Sai ya narke."

Da ya san abin da bakinsa ya kira, da ya yi shiru.

Muka shiga Birmingham sama ta yi baƙi da hadari. Kamaldeen ya nufi ƙofar hall ɗin zai sauke mu, Uba ya riƙe masa hannu. Ya ce ba a kawo irin wannan kwalliya a sauke ta a bakin ƙofa kamar buhun shinkafa. A tsaya can farkon layi, mu tako a jere, garin ya gani. Ya ciro Nokia ɗinsa ya kira mai bidiyo ya ce ya fito, ya kuma gaya wa mutanen ciki su fito su ga yadda ake yi.

Suka kuwa fito. Muna hango su cike da bakin ƙofa, leshi da gwaggwaro, Hajiya Turai a tsakiya.

Uba ya jera mu, Mma Alima a gaba. Kuma don Allah, farkon tafiyar nan ta yi kyau. Mma Alima ta manta da sanyi, ta ɗaga kai, tana taku ɗai-ɗai, ɗaurinta na nuna Hajiya Turai kamar yatsa. Bakin ƙofa ya yi tsit. Wani direban bas ya rage gudu yana kallo. Uba na gefe yana tafiya da baya, yana kaɗa hannu kamar mai ba jirgi hanya.

Sai yayyafi ya fara. Daga yayyafi sai ruwa na sosai, irin na ƙasar nan mai zuwa a karkace.

Koko ya ji ruwa ya farka. Na Mma Alima ne ya fara sunkuyawa, a hankali, kamar mai gaida sarki, sannan ya kwanta mata a goshi. Na bayanta suka bi liman. Wani abu mai kauri ya fara gangarowa ta bayan kunne, ta gira, ta gefen hanci. Na wuya ya saki ya zuba cikin riga. Daga nan barkono ya iso ido.

Wanda bai taɓa sa kokon Kumasi a ido ba, kada ya ce ya san duniya. Ba ka gani, ba ka iya murzawa don hannun ma koko ne, ba ka iya gudu don takalmi mai tsini ne kuma ƙafar ba taka ba ce. Hawaye, majina, atishawa, awarwaro na kaɗawa. Raki ta kama zanen ta gabanta, ta bayanta ta kama nata, muka koma jerin makafi. Tattabarun layin suka ji ƙamshin gero suka sauko suna bin sawunmu. Uba na ta cewa kada a taɓa ɗauri, a yi murmushi, ana ɗauka.

Haka muka isa. Hajiya Turai da ta ga mata goma na kuka shaɓe-shaɓe sai ta dafe ƙirji ta tambaya wa ya rasu.  Ta matso, ta shinshina, ta sa yatsa a kafaɗar Mma Alima ta ɗanɗana. Ta ja da baya ta ƙare mana kallo, sama ja, ƙasa yalo. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don idonta har wani haske ya yi.

Ta waiwaya ta ce, "Jama'a, wa ke gudawa a gidan nan? Ga ja da yalo har guda goma sun zo da ƙafarsu. An ma haɗo da kokon shan magani."

Dariyar da aka yi ta ninka ta ranar gawayi. Mai bidiyo kansa sai da ya jingina da bango. Mma Alima ta buɗe baki, haƙora suka riga harshe, sai kaf-kaf-kaf. Na ga ta juya da kafaɗa tana neman inda mota take, na san rantsuwarta ta tuna. Faizal na ciki yana jiran uwarsa, ita kuwa tana shirin komawa Manchester.

Uba ya ga dama ta samu. Ya hau matakala ya ɗaga hannu, ya fara yi wa mutanen Birmingham bayani da Turanci cewa abin da suke gani shi ake kira capsule, ba laifinsu ba ne in ba su gane ba, ilimi ne bai iso nan ba tukuna. Yana magana yana share goshi.

Raki, da ido ɗaya da ya fara buɗewa, ta dube shi. Mu muna karkarwa, shi gumi yake.

 Ta hau matakalar ta kama gefen babbar rigar ta yaye ta sama. Ga baƙar kwat mai kumburi, irin tamu sak. Ta zuge zif. Ga suwaita, ga wata suwaitar. A can ƙasa kuma ga 'yar suwaita mai maɓalli.

"Consultant," in ji Raki, "wannan ta ƙasan tawa ce."

Uba ya ce ajiye mata ya yi kada ta ɓata. Ya ce shi likita ne a wannan harka, kuma likita ba ya shan maganin mara lafiya. Bai kai ƙarshe ba tsohuwar nan ta gane safarta a ƙafarsa. Abin da ya biyo baya yana cikin bidiyo, ba sai na faɗa ba. Jakunkunan hannu dai sun yi aikin da ba a saye su dominsa ba.

Ana cikin haka Hajiya Turai ta lura leɓen Mma Alima ya koma toka-toka. Bakinta ne mugu, ita ba muguwa ba ce. Ta daina dariya, ta kamo hannunta ta ce maman ango ba za ta mutu a ƙofarsu ba. Ta ja ta ciki, mu muna biye, rabin jama'a na bayanmu. Aka kawo ruwan ɗumi da tawul muka wanke ido. Hajiya Turai ta tura ƙofar wani ɗaki a gefen hall don ta samo abin rufa. Tana turawa ta so ta jawo, amma ina, an riga an gani.

Ɗakin cike yake da baƙaƙen kwat masu kumburi. A rataye, a kan kujeru, a ƙasa, tuli har taga. Duk matan Birmingham ɗin nan masu leshi, a ciki suka zo, suka tuɓe a ɓoye kafin baƙi su iso. Hajiya Turai ta rasa yadda za ta yi, ta zaro wadda ta fi kowace girma, da sunanta a rubuce a wuya, ta rufa wa Mma Alima.

Mma Alima ta zuge zif har haɓa. Aka miƙo mata shayi ta kurɓa, ta sake kurɓa. Ta bi ɗakin da kallo a tsanake, daga wannan bango zuwa wancan. Ta jira har haƙoranta suka natsu, don wannan karon ba ta son M6 ta riga ta.

"Hajiya," in ji ta, "ashe mu ɗai-ɗai muke saye. Nan ne wurin sarin gawayin."

Hall ya fashe. 'Yan Birmingham ɗin ma su suka fi kowa, don sun daɗe suna jiran wanda zai rama musu. Hajiya Turai ta nemi amsa sama da ƙasa ba ta samu ba, sai ita ma ta tuntsire har gwaggwaronta ya zame. Ta ce ta karɓa, maman ango ta ci wannan. Sannan ta rage murya ta ce tun safe ƙafarta ba ta jin ƙasa, hitar hall ɗin nan ta ƙarya ce. Ta sa hannu ta ɗauki kwat ita ma.

Shi ke nan kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Kowace ta ruga ta nemo tata, aka ara mana na waɗanda suka zo da biyu. Duk wanda ya kalli bidiyon bikin Faizal zai ga buhunan gawayi cike da fili suna rawa, biyu mafi girma a babban tebur suna ci a faranti ɗaya.

Uba kuwa an raba kayan jikinsa ga masu su da mabukata. Aka bar masa babbar rigarsa da singileti. Mma Alima ta sa aka wanke gyale ɗaya aka matse, ta naɗa masa a wuya da hannunta, ta ce tunda shi ya san sirrin, ya tsaya a waje ya riƙa nuna wa baƙi wurin ajiye mota. Har yau a Hulme in ka ce Uba ba a gane wa kake nufi, sai ka ce Kafso. Shi kuma har yau cewa yake da gangan ya shirya komai don ya sasanta surukai.

Can wajen la'asar ya leƙo ta ƙofa, hanci na zuba, gwiwoyi na gaisawa da juna. Ya ce, "Mma, a taimaka. Silikin nan ba ya riƙe komai."

Mma Alima ta gyara zama cikin kwat ɗin Hajiya Turai, ta kai loma baki, ta tauna, ta haɗiye.

"Haƙuri za ka yi, ɗana," in ji ta. "Kafso ba ya aiki nan take."